Motar yawon gani mai buɗaɗɗen bene a Landan: ta rana ɗaya ce, ba ta mako ba

Dogon hutun makaranta, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, shi ne lokacin da iyalai daga Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yawuri waɗanda Allah ya hore wa suke kai yara Landan, wasu don bikin kammala karatun ɗa ko ƙane, wasu don ganin likita a haɗa da hutu. Da an gama da biza da masauki, tambayar da ke biyo baya kusan ɗaya ce: waɗannan dogayen motoci masu bene marasa rufi, da ake gani a hoto maƙil da baƙi, sun ci kuɗinsu kuwa? Sun ci, amma na rana ɗaya, ranar farko, musamman in akwai tsohuwa ko ƙananan yara a tafiyar. Wanda ya yanki tikitin kwana biyu ko uku da nufin ta zama motar zirga-zirgarsa, ɓacin rai ya saya da kuɗinsa.

Kamfanoni uku aka fi gani a titi: Big Bus, Tootbus da Golden Tours. Aikinsu kusan iri ɗaya ne. Mota tana zagaya gari a kan hanyar da aka tsara mata, tana tsayawa a matsayai masu lamba. Ka sauka inda ka ga dama, ka gama kallonka, ka hau wadda ke biye da tikitin nan dai. Ana ba kowa abin sawa a kunne kyauta, a soka shi a jikin kujera a zaɓi harshe. Babu Hausa a ciki, don haka wanda Turancinsa bai nuna ba sai a zaunar da shi kusa da mai fassara masa. Wasu motocin suna ɗauke da mai bayani da baki, wanda ya fi armashi ga mai jin Turancin Ingila da saurinsa, amma ga ɗan firamare muryar da aka naɗa ta fi sauƙin bi. Kuskuren farko tun a bakin titi ake tafka shi: matsayan kamfanonin suna dab da juna, kuma tikitin wannan ba ya aiki a motar wancan. A nuna wa yara suna da launin motarsu tun da safe, kada wani ya ga ƙofa a buɗe ya yi tsalle ya shige ta wasu.

A karanta tikitin da kyau kafin a biya. Na "rana ɗaya" yana mutuwa ne da motar ƙarshe ta ranar, na "awa 24" kuwa yana fara ƙirge daga hawan farko, wato wanda ya fara da azahar yana da safiyar gobe a hannu. Motocin kuma ba sa kai dare. Sukan fara wajen ƙarfe 8:30 ko 9 na safe, su janye tsakanin biyar da shida na yamma, alhali a farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen 8:45. Hasken nan yana yaudarar baƙo: ya ga rana tsaka, ya zaci da sauran lokaci, ya tsaya a matsaya yana jiran motar da ta riga ta tashi daga aiki. Sayen tikiti ta intanet yawanci ya fi araha kan saye a hannun masu talla a bakin gadar Westminster. A ɗauki hoton lambar tikitin a waya tun a masauki, a kuma cika caji. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajar gida tana shiga. Agogo ma ba sai an juya ba, domin a watannin bazararsu lokacin Landan da na Najeriya ɗaya ne.

Maganar kuɗi ita ce inda iyalin Bahaushe ke jin jiki. Tikitin "iyali" a lissafinsu yawanci manya biyu ne da yara biyu. Ɗauki gida mai mutum bakwai: Alhaji, Hajiya, Inna, da yara huɗu masu shekara 13, 10, 7 da 3. Farashi yana hawa yana sauka, amma a ƙaddara babba fam 40, yaro fam 25, na shekara ukun kyauta. Fam 195 ke nan, ba a shiga ko'ina ba, ba a sha ko ruwa ba. Gidan nan guda, in jan bas na haya suka yini suna hawa, duka-duka ba za su kashe fam 20 ba. A juya bambancin zuwa naira da canjin ranar, a ga ko buhun shinkafa nawa ne a kasuwar Birnin Kebbi.

To me ake saye da wannan kuɗin? Saman benen. Landan gari ne da mai tafiya a ƙasa ba ya ganin kansa, sai ƙafafun mutane da ƙofofin shaguna, mai bin jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa yana fitowa daga rami ne ya sake faɗawa wani, har ya yi mako bai san gabas da yamma ba. Daga saman motar ne garin ke haɗuwa a kai. Tana hawa gadar Westminster sai hasumiyar agogo ta tsaya a gabanka, tsawonta mita 96. Big Ben ba sunan hasumiyar ba ne, sunan ƙararrawar da ke ciki ne mai nauyin fiye da tan 13, ita kuwa hasumiyar an raɗa mata sunan Sarauniya Elizabeth a 2012. A titin Whitehall za a wuce ƙofar ƙarfen Downing Street, inda gidan firaminista yake, cikin ƙiftawar ido. Gaba kaɗan ga dakaru biyu a kan baƙaƙen dawakai a ƙofar Horse Guards, da kwalkwali mai sheƙi da takobi a zare, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma, ana canza su duk awa. Yaran da suka saba da hawan sallah nan za su fi nacin a sauka. In an sauka, akwai allo a jikin bango da ke gargaɗin dokin yana cizo yana harbi, kuma duk wanda ya kai hannu ga linzami zai sha tsawar da ba zai manta ba. A tsaya gefe a ɗauki hoto, a bar doki da mai shi.

A dandalin Trafalgar, bayan dogon ginshiƙin Nelson da zakunan tagulla huɗu da aka girke a 1867, a waiga titin Northumberland Avenue: tutar kore-fari-kore da ke kaɗawa a nan ta ofishin jakadancin Najeriya ce. Daga nan hanya ta bi ta Fleet Street zuwa majami'ar St Paul mai katafariyar ƙubba, wadda Christopher Wren ya gina bayan gobarar 1666 ta cinye tsohuwar. Ƙololuwar zagayen ita ce tsallaka Tower Bridge, gadar nan mai hasumiya biyu da aka buɗe a 1894, wadda mutane da yawa ke kira London Bridge bisa kuskure. Ainihin London Bridge tana kusa, gadar kankare ce da ba ta da wani ado. Tower Bridge tana ɗagewa don manyan jiragen ruwa su wuce, kuma ana wallafa lokutan ɗagewar a shafinta. In kun dace, kallo ne. In kuna sauri, jira ne.

Yadda za a ci moriyar ranar shi ne a yi sammako a kama ɗaya daga motocin farko, a zauna daram a yi zagaye cikakke ba tare da sauka ba. Zagayen yakan ci awa biyu zuwa uku da rabi, ya danganta da layi da cunkoso. Da safe kujerun sama a sake suke, iyali za su zauna wuri ɗaya. A yawancin motocin layukan gaba na sama suna da rufi da gilashi, nan ya dace da Inna da ƙaramin yaro, sai dai gilashin yana ɓata hoto. A Ingila ta hagu ake tuƙi, saboda haka kujerun hagu su ne ke bin gefen titi, su ne kuma rassan itatuwa ke shafa. Yaro mai rawar kai a sa shi kujerar ciki, babba ya tare bakin. Ba a miƙewa tsaye mota na tafiya, ba a kuma miƙa waya waje don ɗaukar hoto, in ta suɓuce babu mai tsayawa.

Sanyin saman motar ba a shirya masa yadda ya kamata. Mutum ya duba waya ya ga ma'aunin zafi 22 ko 23, wanda ga ɗan Kebbi da ya saba da fiye da 40 a watan Afrilu ai ni'ima ce, sai ya fito da shadda shara-shara. Minti ashirin a sama, iskar kogi ta fara ratsa shi kamar asubahin hunturu a bakin Matan Fada. Kowa ya riƙe rigar sanyi mai zif ko da gari ya waye da rana. Lema ba ta da amfani a can, iska tana juye ta, tana kuma tsone idon na baya. Rigar ruwa ta leda ita ce magani, wasu kamfanonin suna rabawa in an fara yayyafi, amma gara a zo da ta kai. Hijabi mai ɗinkin fuska ya fi mayafin yafawa zama. Hula kuwa, ko zanna ce ko ƙube, a cire a riƙe kafin a hau gada, in ba haka ba Kogin Tems zai yi sabuwar hula. Babbar riga a bar ta a masauki: matakalar benen siririya ce mai lanƙwasa, hannun rigar yana maƙalewa a ƙarfen riƙo, direba kuma ba ya jiran kowa ya zauna.

Babban aibin motar ba laifin wani kamfani ba ne, gosulo ne. Iyakar gudu a tsakiyar Landan mil 20 ne a awa, kusan kilomita 32, kuma da wuya a kai hakan da rana. Daga wajen sha ɗaya zuwa la'asar, tazarar da mai ƙafa zai yi a minti goma mota tana iya cin rabin awa a kanta, har Inna ta gaji ta ce, "Wagga mota mi yah hana ta tahiya?" Cunkoson yana haifar da matsala ta biyu: motoci suna tarar da juna, biyu ko uku su iso a jere, sannan a daɗe ba a ga ko ɗaya ba. Wadda ta iso bayan dogon jira kuma samanta a cike yake, mutum bakwai ba za su sami wuri tare ba, sai dai ƙasa, inda babu abin da ya bambanta ta da bas na haya sai tsada. Shi ya sa sauka da hawa, wanda shi ne abin da ake tallata motar da shi, ya zama mafi raunin abin da take yi. Sauka biyu a rana ya isa. Asabar ta fi kowace rana haɗari, domin zanga-zanga da jerin gwano a Whitehall da dandalin majalisa suna sa a rufe hanya, a karkatar da motoci, a tsallake matsayai. Talata, Laraba ko Alhamis sun fi kwanciyar hankali. Manhajar kamfani tana nuna inda kowace mota take a taswira, a sauke ta tun da intanet ɗin masauki.

Fadar Buckingham ma akwai abin sani: motar ba ta bi ta gabanta, don ba a yarda motocin kasuwanci su bi titunan da ke cikin lambunan sarauta ba. A gefe take ajiye mutane, a ƙarasa da ƙafa. Canjin masu gadi wajen ƙarfe 11 ake yi, ba kullum ba, ana kuma fasa shi in ruwa ya yi ƙarfi, sannan wanda bai isa da awa guda kafin lokaci ba ƙeyar mutane kawai zai kalla. Gara a ware masa wata safiya daban, ba ranar da tikiti mai tsada ke ƙonewa a aljihu ba. In an je, a gangara titin The Mall kaɗan a nuna wa yara Lancaster House ta hannun hagu. A gidan nan aka yi tarukan tsarin mulkin Najeriya na 1957 da 1958, inda Sardauna Ahmadu Bello ya jagoranci tawagar Arewa. Ba a buɗe shi ga masu yawon gani, daga waje ake kallo, kuma kada a sa ran bayanin cikin mota zai kawo wannan tarihin.

Tikiti da yawa suna haɗe da hawan jirgin ruwa sau ɗaya tsakanin Westminster da Tower of London, tsohuwar fada mai ganuwa a bakin kogi, tafiyar kamar rabin awa. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi cin kuɗinsa, kuma shi ne mafita daga cunkoson rana: a yi zagayen mota da safe, a koma ta ruwa da yamma. Wanda ya san Neja a Yawuri faɗin Tems ba zai burge shi ba, amma jirgin yana da rufi, da kujeru, da makewayi. Abu ɗaya a kiyaye: ruwan Tems yana bin cika da janyewar teku, bambancin yana iya kai mita bakwai. In ruwa ya janye, gadar sauka zuwa jirgi tana yin gangare sosai. Mai tura keken yaro ya riƙe da hannu biyu, a kama wa tsohuwa hannu. A kan gadar Westminster kuma akwai 'yan wala-wala masu kofi uku da ƙwallo, waɗanda ke "ci" a gabanka duk yaransu ne. A ja samari a wuce.

Tower of London ita ce wurin da ya cancanci sauka, amma tikitin mota bai haɗa da shiga ba. Farar hasumiyar da ke tsakiya an fara gina ta wajen 1078, zamanin Sarki William mai nasara, kuma a nan ake ajiye kayan sarauta, har da sandar da ke ɗauke da lu'ulu'un Cullinan mai karat 530, wanda aka yanko daga dutsen da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. A ɗakin ba a ɗaukar hoto, kuma a gaban rawunan sarautar akwai shimfiɗa mai tafiya da kanta da ke wucewa da mutane don kada a yi dandazo. Wurin yana cin awa uku, daɓensa na duwatsu ne masu wahalar da keken yaro, layin kayan sarautar kuma yana tsawo da rana.

Babu makewayi a motar. Manyan tashoshin jirgin ƙasa irin su Victoria, Waterloo, Charing Cross da London Bridge suna da shi kyauta, haka gidajen tarihi. Buta ce babu, a sa ƙaramar gorar roba a jaka. Azahar tana shiga bayan ƙarfe ɗaya kaɗan, la'asar wajen biyar. Babban masallacin Regent's Park mai ƙubbar zinariya, wanda aka kammala a 1977, yana da wurin alwala da sashen mata, tafiyar kamar minti 15 ce daga matsayar Baker Street, sai dai ba kowane layi ke bi ta can ba, a duba taswira. Daga Tower of London kuwa masallacin East London da ke Whitechapel ya fi kusa, kamar minti 20 a ƙafa, kuma kewayensa cike yake da gidajen abincin halal masu sauƙin kuɗi. A ɓangaren yamma, titin Edgware Road da ya taso daga Marble Arch shi ne na Larabawa. Abincin da ake sayarwa a bakin wuraren kallo tsada ne da shi, ba ya kuma ƙosarwa. Dabino, ƙuli-ƙuli da ruwa a jaka suna kashe rigimar yara da yawa.

Daga rana ta biyu sai a koma jan bas, shi ma mai bene ne, da rufi da gilashi, kujerar gaba ta sama kuma kyauta ce ga wanda ya riga. Kuɗin hawa fam 1.75 ne a 2025, duk bas ɗin da aka sake hawa cikin awa guda ba a ƙara caji, kuma komai yawan hawa a yini ba ya wuce fam 5.25. Yaro ƙasa da shekara 11 ba ya biya. Mai shekara 11 zuwa 15 a saya masa katin Oyster, wato katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa na Landan, a je da shi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a roƙi ma'aikaci ya sa masa rangwamen yara baƙi, rabin kuɗi na kwana 14. Tun 2014 bas ba ya karɓar tsabar kuɗi, kuma kati ɗaya mutum ɗaya yake biya wa: Alhaji ba zai taɓa katinsa sau uku ya shigar da manya uku ba, kowa da nasa. A tabbatar katin banki yana aiki a waje tun ana gida, in da shakka a sayi Oyster a zuba masa kuɗi. Ta ƙofar gaba ake shiga, a taɓa katin a kan rawayen faifan da ke gefen direba, ba a taɓawa wajen fita. A ɗaga hannu in bas ya taho, a danna ƙararrawa kafin matsaya, in ba haka ba ya wuce.

Bas mai lamba 15 tana tashi daga Trafalgar ta bi Fleet Street, St Paul, har Tower of London, kusan rabin abin da motar yawon gani ke nunawa. Lamba 24 tana bi ta Westminster Abbey da Whitehall ta haura Tottenham Court Road, inda ake sauka a taka zuwa British Museum: shiga kyauta, kuma a ɗaki na 25 ne tagullan Benin da sojan Birtaniya suka kwashe a 1897 suke. Lamba 9 tana kai wa Royal Albert Hall, daga nan minti goma a ƙafa zuwa Natural History Museum, inda ƙashin wani kifin teku mai tsawon mita 25 yake rataye a saman zaure, shi ma kyauta, sai dai a lokacin hutu a kama gurbin shiga ta intanet don gudun layi. Wanda yaransa suka nace sai an sake tsallaka Tower Bridge, lamba 78 tana bi ta kanta, ta zarce har yankin Peckham, inda ake samun shagunan 'yan Najeriya in Inna ta fara cigiyar tuwo.